Tsohuwar waya da aka ƙara wa wuta ko sabuwa mai sanyin jiki: wacce ta fi dacewa da injin ces?

Ɗan yayata ne ya zo ya same ni a fadarmu ta Zengo bayan la'asar, ana zuba shayi na biyu, ya miƙo mini wayar abokinsa da hoton wani allo a ciki. "Kawu, duba wannan lambar. Mai wayar ya ce an buɗe ta an ƙara mata wuta, duk Kasuwar Dole babu mai gudunta." Ƙarin wuta a nan shi ne tura furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, ta yi gudu fiye da yadda masana'anta ta saita ta. Hoton na manhajar ces ne, wasan nan da 'yan lakkol ɗinmu ke kira eshek, kuma a ƙasan allon ga lambar da ke nuna matsayi nawa injin yake dubawa a daƙiƙa ɗaya. Yaron ya yi watanni yana tara kuɗi. Abu biyu ne a gabansa: wannan tsohuwar babbar waya ta hannu da aka yi wa aiki, ko sabuwa dal a kwali mai matsakaicin ƙarfi, bambancin kuɗinsu 'yan jikkuna ne. Burinsa ya riƙa bitar wasanninsa da Stockfish, wani injin ces, wato manhajar da ke lissafa tafiyar da ta fi kyau, domin ya gaji da shan kashi a hannun wani ɗalibin jami'a da ke zuwa fadarsu ran Lahadi.

Na ce masa kada ya biya sai mun ga wayar da idonmu. Dalilina shi ne lambar nan da ta ruɗe shi rabo ce: yawan matsayin da injin ya ƙirga, a raba da lokacin da agogon na'urar ya ce ya wuce. Duka biyun suna iya yin ƙarya, kuma a na'urar da aka taɓa mata gudu sun fi saurin yi.

Ƙaryar agogon ta fi tsufa. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin 'yan ƙananan kwamfutocin aljihu na Palm, masu son ces suna zuba musu Chess Genius ko Chess Tiger ko Hiarcs. Palm III tana tafiya ne da furosesar DragonBall ta Motorola mai gudun megahaz 16, kuma akwai 'yan manhajoji irin su Afterburner da ke tura ta sama da haka. To matsalar ita ce, idan ma'aunin lokacin na'ura yana shan bugunsa daga tushe ɗaya da furosesa, kana ƙara wa furosesar gudu daƙiƙar na'urar ma ta gajarce. A ce an ɗaga ta daga 16 zuwa 20. Abin da na'urar za ta kira daƙiƙa 30, a agogon bango daƙiƙa 24 ne kawai. Injin ya ƙara sauri da gaske, amma lambar da zai nuna ba za ta motsa ba, kuma da aka ba shi daƙiƙa 30 na tunani sai ya tashi da wuri, ya buga irin wasan da yake bugawa a da. Mai na'urar ya sha batirinsa a banza.

Akasin haka ma ya faru, kuma shi ne mai haɗari ga mai saye. A watan Agusta na 2013 dandalin HWBOT, inda masu ƙara wa kwamfuta gudu ke gasa, ya daina karɓar sakamakon da aka auna a kan Windows 8. Sun gano cewa idan aka rage bugun tushe daga cikin Windows ɗin da kusan kashi 6 cikin ɗari, agogon kwamfutar yakan yi lattin daƙiƙa 18 a cikin minti biyar. Agogo mai latti kuwa yana sa kowane aiki ya zama kamar an gama shi da wuri, sai lambar gudu ta kumbura alhali babu abin da ya ƙaru. Kamar mai tseren doki ne a filin sukuwa da ya riƙe agogon alƙali a aljihunsa.

Wayoyin yanzu sun fi ƙarfin wannan ciwon. Ma'aunin lokacinsu yana da bugunsa na daban wanda ba ya bin hawa da saukar furosesa, a na Qualcomm megahaz 19.2 ne tsayayye. Duk da haka ban taɓa yarda da agogon wayar da wani ya shiga cikin hanjinta ya sauya mata tushen manhaja ba, sai na gwada shi da agogon hannuna. Aikin minti biyu ne.

Washegari muka tafi kasuwa. Mai shagon mutum ne mai fara'a, ya ce "Malam, bismilla, gwada da kanka," ya ɗauko wayar daga gaban fanka inda take kwance ba riga. Ya buɗe DroidFish, manhajar ces ta Android, ya danna, lambar ta yi tsalle ta kai inda hoton ya nuna. Gaskiya ya faɗa. Sai dai abu uku na gani kafin ma wayar ta yi ɗumi, kuma ba na jin duka da gangan ya yi su, wataƙila haka wanda ya sayar masa ya nuna masa.

Matsayin da ke kan allon na ƙarshen wasa ne, sarki biyu da 'yan sojoji huɗu ko biyar. Injin ces yana gudu sosai idan allo ya yi fili, domin abin lissafi kaɗan ne. Ka mayar da shi tsakiyar wasa inda sarauniyoyi da dawakai ke cakuɗe, lambar za ta sauko da kanta. Sannan injin da ke ciki tsohon Stockfish ne na kafin 2020. A watan Satumba na 2020 aka fitar da Stockfish 12 da sabuwar hanyar auna matsayi da ake kira NNUE, wata 'yar ƙwaƙwalwar koyo da ke duba allo ta faɗi wa ke gaba. Wannan hanyar ta rage gudun ƙirga da kusan rabi, amma injin ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Wato idan ka ɗora tsohon inji a waya ɗaya da sabo a wata, mai babbar lamba ita ce za ta sha kashi. Na ukun shi ne an kunna duka kawunan furosesar guda takwas, wato sassanta da kowanne ke lissafi da kansa. Ƙirga yana ninkuwa idan kawuna suka yi yawa, amma ƙarfin wasa ba ya ninkuwa haka, saboda kawunan sukan maimaita aikin juna, kamar mutum takwas da aka tura neman akuya ɗaya a Birni, rabinsu lungu ɗaya za su shiga.

Duk wanda ya san tarihin injinan nan ba zai yi mamaki ba. Deep Blue ta kamfanin IBM da ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a 1997 tana duba matsayi miliyan 200 a daƙiƙa. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 2009, Pocket Fritz 4, mai injin Hiarcs 13 a ciki, ya lashe gasar Copa Mercosur a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina da maki 9.5 cikin 10, a kan wayar HTC Touch HD mai megahaz 528, yana duba ƙasa da matsayi 20,000 a daƙiƙa. A 2017 kuma AlphaZero ta DeepMind, mai duba kusan 80,000 a daƙiƙa, ta rinjayi Stockfish 8 mai duba miliyan 70. Lambar tana da amfani a wuri ɗaya tak: idan inji ɗaya ne, fitowa ɗaya, matsayi ɗaya, kawuna adadi ɗaya, a na'ura biyu.

Haka muka yi. Na roƙi mai shagon ya bar mu mu zuba sabon Stockfish iri ɗaya a tsohuwar da kuma wata sabuwa ta gwaji da yake da ita a buɗe, muka jera matsayi ɗaya na tsakiyar wasa daga wasan da yaron ya faɗi ran Lahadi, muka ajiye su kan benci a inuwar rumfa, ba gaban fanka ba. A minti na farko tsohuwar ta bar sabuwar a baya sosai, yaron yana ta murmushi yana kallona. Na ce ya sa yatsa a bayanta kusa da kamara. Kafin mai shayin gefe ya gama wanke kofuna, yatsan ya ɗauke. Lambar ta fara zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan, sannan ta faɗo gaba ɗaya, hasken allon ma ya dusashe da kansa. Sabuwar tana nan kusan inda ta fara, ɗumi kawai ta yi. Da muka cika kwata na awa, tazarar da ke tsakaninsu ta zama 'yar kaɗan, batirin tsohuwar kuma ya zube ninkin na ɗayar. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ka zo da zafin Damagaram ne a aljihunka."

Zafin ne kuwa gaba ɗayan maganar. Irin wannan waya ba ta da fanka a ciki. Duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa, kuma jikin wayar ne kaɗai hanyar fitarsa. Idan zafin ya kai wani mataki, wayar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙara gudu yana buƙatar ƙara ƙarfin lantarki, shan wutar kuma yana hawa ne da gudun sau ƙarfin lantarkin sau kansa, saboda haka ƙarin gudu kaɗan yana jawo ƙarin zafi mai yawa. Wayar da aka ƙara wa wuta ta fi saurin kaiwa iyakar, ta fi saurin ja da baya, wani lokaci har ƙasa da inda za ta tsaya da ba a taɓa ta ba. Injin ces kuma ba kamar kallon bidiyo ba ne. Yana kama kawunan furosesa ya matse su ɗari bisa ɗari, ba hutu, har sai ka tsayar da shi.

Kamfanin Apple yana cewa a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran ma kusan nan suke. Mu kuwa a Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40 da rana. Wato tun kafin ka danna komai wayarka ta riga ta cinye rabin haƙurinta. Duk sakamakon gwajin da za ka gani a intanet daga Jamus ko Koriya, a ɗaki mai sanyi aka yi shi. Ko a nan gida, gwajin da ka yi da safiyar hunturu a watan Janairu ba zai gaya maka yadda wayar za ta yi a bazara ba. Batirin lithiyam ma zafi ne babban makashinsa, kuma tsohuwar waya da ta yi shekara huɗu ko biyar a hannun wani batirinta ya riga ya gaji. Wanda aka cire wa takunkumin zafi gaba ɗaya, kamar yadda wasu masu gyara ke yi don lambar ta daɗe a sama, shi ne kake ganin bayansa ya kumbura kamar fanke.

Ba masu shago kaɗai ba ne, manyan kamfanoni ma an kama su da wasa da wannan lamba. A 2013 mujallar AnandTech ta nuna cewa Galaxy S4 tana gane manhajojin gwaji da sunansu ta saki gudun da ba ta ba wa wasanni, daga baya aka ga yawancin masu ƙera wayar Android na lokacin suna yin irin haka. A 2018 masu manhajar gwaji ta 3DMark suka cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu kan dalili ɗaya. Idan masu ƙerawa sun san gajeren gwaji ne ke sayar da waya, mai rumfa a kasuwa bai yi abin mamaki ba.

Yanzu a ce ƙarin wutar ya zauna, wayar ba ta ja da baya ba. Me aka samu? Ƙiyasin da masu harkar injinan ces suka daɗe suna yi shi ne ninka gudu sau biyu yana ƙara wa inji maki 50 zuwa 70 a Elo, ma'aunin ƙarfin 'yan wasan ces, kuma a injinan yanzu da dogon lokacin tunani ribar ba ta ma kai haka. Ƙarin gudu na kashi 20 cikin ɗari, wanda a waya babban abu ne, bai fi maki 15 zuwa 20 ba. Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, a ƙololuwarsa a 2014, maki 2882 ya kai. Stockfish na yau ya haura 3500 a jerin da ake auna injina a kwamfuta, kuma ko a waya mai arha ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam. Yaron da har yanzu yake barin dokinsa a bakin soja ba zai taɓa jin bambancin maki 20 a saman wannan ba. Na gaya masa haka a gaban mai shagon, bai ji daɗi ba.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Furosesar da aka tura fiye da ƙarfinta takan yi kuskuren lissafi jefi-jefi ba tare da wayar ta mutu ba. A wasan tsere ba za ka lura ba. A injin ces kuskure ɗaya yana iya shiga rumbun da yake ajiye matsayin da ya riga ya auna, ya ɓata hukunci, ko manhajar ta rufe ana tsakiyar nazari. Stockfish yana da umarni a cikinsa mai suna bench, wanda ke bin jerin matsayi tsayayyu zuwa zurfi tsayayye, a ƙarshe ya faɗi lokacin da ya ɗauka, jimillar matsayin da ya duba, da gudunsa. Idan da kai ɗaya aka yi, jimillar nan dole ta zo daidai a kowace na'ura mai fitowa ɗaya ta injin, ba ƙari ba ragi. Wanda ya iya Termux, manhajar rubuta wa waya umarni, zai iya gudanar da shi a Android. Jimilla ta bambanta da ta wata waya, ko ta sauya tsakanin gwaji da gwaji, furosesar tana tuntuɓe. Ka yi shi sau goma a jere, ka rubuta gudun na farko da na goma, na goman shi ne wayar. Kuma a wayoyin zamani da yawa teburin gudun furosesa a kulle yake daga masana'anta, ta yadda wasu "ƙarin wutar" suna ne kawai: allo ya nuna gigahaz sama da na da, aikin yana nan yadda yake.

To ina tsohuwar babbar waya ta fi? Idan ba a taɓa ta ba, ta fi a wurare da dama, kuma ba zan ɓoye ba. Furosesa irin Snapdragon 865 ta 2020 tana da manyan kawuna huɗu, mafi girmansu gigahaz 2.84, da ƙanana huɗu. Helio G99 da ke cikin sababbin wayoyi masu matsakaicin kuɗi da suka cika kasuwarmu manya biyu ne kawai masu gigahaz 2.2, sauran shidan ƙanana ne. Ko bayan ta yi zafi ta ja da baya, 865 mai lafiyayyen batiri za ta riƙe gaba. Allonta da kamararta ma sun fi. Aibin yana wurin aikin da aka yi mata. An buɗe makullinta, an sa mata tushen manhajar da ba ka san wanda ya rubuta ba, sabuntawar tsaro ta tsaya, wasu manhajojin banki da na tura kuɗi kuma ba sa yarda su buɗe a irin wannan waya. Da zan samu irinta da manhajarta ta asali da sabon batiri na kirki, zan ɗauke ta a kan sabuwa mai G99. Wadda aka ƙara wa wuta kuwa, sai in mai ita zai mayar da ita yadda take, in sake gwadawa.

Sabuwar ma ba kowace ba. Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, domin "kawuna takwas" da aka rubuta a kwali ba ya nufin komai. Akwai masu takwas da duka ƙanana ne irin Cortex-A53, waɗanda ba su da umarnin lissafin da NNUE ke jin daɗinsa, wanda ya zo daga A55 da A75 zuwa sama. Mafi muni, wasu wayoyi masu arha suna tafiya da Android mai bit 32 ko da furosesar ta iya 64. Allon ces gida 64 ne, injinan kuma suna ɗaukar allon gaba ɗaya a lamba ɗaya mai bit 64, saboda haka a tsarin 32 kowane lissafi sai an raba shi biyu. Wannan asarar ta fi duk abin da ƙarin wuta zai iya ba ka. Sai batun RAM, rumbun aikin waya, da ake rubuta 8+8: rabin na biyun aro ne daga ma'ajiyar waya, yana da nauyin tafiya, injin ces ba ya cin moriyarsa. Na farkon kaɗai za ka ƙirga.

Wani a fada ya kawo shawarar tsohuwar kwamfutar cinya, kuma ga mai son barin inji ya kwana yana nazari ita ce gaskiya, tana da fanka, ba ta ja da baya kamar waya. Sai dai irin waɗanda kuɗin yaron zai saya batirinsu ya mutu, kuran na ɗaukewa nazarin ya tafi, ƙura kuma tana toshe fankar kafin shekara. Ba ta shiga aljihu zuwa fada ran Lahadi.

Yaron ya ɗauki sabuwar, bayan mun duba mun tabbatar tsarinta 64 ne. Na saita masa injin a kan kawuna biyu maimakon takwas, lambar ta ragu ƙwarai, ya ɓata rai, amma wayar tana yin awa guda tana nazari ba ta wuce ɗumi ba, cajin safe kuma yana kai shi dare. Na hana shi nazari tana kan caji, na ce ya riƙa cire mata riga in zai daɗe. A wasan da ya faɗi ɗin nan, injin ya nuna kuskurensa a tafiya ta 14 cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, kuma tafiyar da ya ba da a daƙiƙa ta biyu ita ce dai ya ba da bayan minti goma.

Tsohuwar tana nan a shagon, na wuce jiya na gan ta a gaban fanka.